Kwamfuta ta canja, shawarar da aka ba Baba ba ta canja ba

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin 'yan'uwanmu masu kargo a Jidda, ko ɗakunan dattawan da ke hidimar masu Umara a Makka, ya san wannan motsin hannu. Ana kunna kwamfuta, kafin a buɗe komai, sai a danna ɓangaren dama na maus a zaɓi rifresh, a maimaita, a sake maimaitawa. Wani ma yatsa yake ɗorawa a kan F5 ya danne, alamomin da ke kan allo su yi ta ƙyaftawa. In ka tambaya sai a ce ana warware mata jiki ne. Rifresh kuwa aikinsa ɗaya tak: ya sa Windows ta sake zana abin da ke kan allo, domin fayil ɗin da aka ƙara ko aka goge ya nuna. Ba ya rage wa na'urar kaya ko kaɗan. Abin da ya sa ake ganin kamar ya yi amfani shi ne, kafin mutum ya gama danne-dannensa kwamfutar ta ƙarasa tada manhajojin da take tadawa, waɗanda ko hannu ya naɗe ya jira za ta ƙarasa su.

Wannan dai ba ya cutar da kowa, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da tun asali ba su da tushe. Sauran abubuwan da iyayenmu suka riƙe game da kula da kwamfuta labarinsu daban ne. Galibinsu shawarwari ne na gaskiya. Wani da ya san aikin ne ya ba su, shekara ashirin ko fiye da suka wuce, ranar da suka sayi na'urarsu ta farko, su kuma suka karɓi maganar da hannu biyu kamar yadda suke karɓar duk maganar masani. A tsakanin nan cikin na'urar ya sauya kaf, suna kawai ya rage, amma ba wanda ya koma ya ce musu, "Baba, waccan maganar fa ta daina aiki." Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya zuba kulawarsa inda ba a buƙatarta, hankalinsa kwance cewa ya sauke nauyi, alhali ƙofofin da ɓarna ke shigowa ta cikinsu suna nan a buɗe.

Batir ya fi komai jawo gardama a majalisa. Kawu zai ce maka sabuwar na'ura sai ta kwana a caji kafin a taɓa ta, kuma kada a kuskura a jona ta sai ta mutu murus, in ba haka ba batirin zai saba da rabi. Maganar tana da asali. Batiran da, na nikel da kadmiyam, an san su da raguwar ƙarfi idan ana yawan yi musu caji ba su sauka ba, shi ya sa masu sayarwa suke cewa a bari su ƙare. To amma kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, sannu a hankali ya kori wancan, har yau babu laftop ko wayar zamani da za ka saya a titin Falasɗinu na Jidda da ba shi ne a cikinta ba. Halinsa kuwa kishiyar na da ne. Sauka zuwa sifili yana gajiyar da shi, kuma in aka jefa shi a durowa a mace ya yi watanni, yana iya ƙin tashi har abada. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 zuwa 80, a riƙa ɗan ƙara masa lokaci zuwa lokaci. Tsoron cewa zai fashe in ya kwana a wuta shi ma ba a wurinsa yake ba, don akwai da'irar da ke yanke caji da zarar ya cika. Abin da ke tsufar da shi shi ne zama a cike tam kullum, musamman cikin zafi. Saboda haka kamfanoni irin su Lenovo da ASUS da Dell suka sa wurin da mutum zai umarci laftop ɗinsa ta tsaya kafin ta cika, kuma duk mai barin tasa a jone a kan tebur dare da rana ya kamata ya sa a kunna masa shi.

Zafi ne babban maƙiyin, kuma a nan Saudiyya ba sai an yi wa kowa bayanin zafi ba. Kamfanin Apple yana gargaɗin masu na'urorinsa cewa yanayin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragi na dindindin. Mu kuwa a Hajjin 2024, cikin watan Yuni, an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Yanzu ka ƙiyasta cikin motar da aka kulle a rana, Alhaji ya bar jakar laftop a kujerar baya ya shiga sallar azahar, daga nan ya biya cin abinci. Wannan dattijon da ba ya yarda a jona masa caji sai batir ya mutu, don tausayin batirin, shi ne kuma yake gasa shi a mota kusan kullum ba tare da ya kawo komai a ransa ba. Sakamakon yana bayyana ne a hankali. Za ka ga wurin da ake goga yatsa ya ɗan taso ya daina dannuwa, murfin ya ƙi haɗuwa, in ka ajiye ta a tebur tana rangaji. Batirin ne ya kumbura. Idan abu ya kai haka, a daina caji nan take, kada a danne shi, kada a tsokane shi da wani abu mai tsini, a kai wa mai gyara ya cire. Kuma kada a ce za a huce na'urar da ta yi zafi a firji ko a bakin AC. Mazauna Jidda sun san yadda tabarau ke yin raɓa da zarar an fito daga sanyi zuwa laimar waje. Irin wannan raɓar tana sauka a cikin na'ura ma, inda ba hannun da zai goge ta.

Akwai wata kulawar da ke taɓa zuciyata, ita ce lulluɓi. Gwaggo tana da ƙyalle mai ado da ta ware wa kwamfutar gidan, yadda aka saba yi wa rediyo da talabijin, don kada ƙura ta shiga. Idan na'urar a kashe take, wannan daidai ne, har ma abin yabo ne a garin da iska ke tashi da rairayi. Matsalar tana zuwa ne in aka ɗage ƙyallen daga kan allo kawai aka bar shi a kan akwatin yana aiki. Ɗan'uwan wannan shi ne ɗora laftop a kan matashi ko katifa ko kafet mai laushi, wanda kusan dole ne a gidajenmu tunda a ƙasa muke zama. Yawancin laftop ta ƙasa suke shaƙar iska. In aka toshe ramukan, injin yana ɗumama, idan ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mai ita kuma ya ga ta yi sanyin jiki ya ce bairos ne.

Wanda ya taɓa ganin an buɗe laftop ɗin da ta shekara uku a gidan da ake turaren wuta safe da yamma ba zai manta ba. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, za a zaro wani dogon abu mai launin toka, a dunƙule, mai danƙo, har da ƙamshin turaren a jikinsa. Hayaƙin yana da maiƙo, shi ke kama ƙura ya manne ta. Fankar tana ta ihu amma iskar ba ta da hanya. Ba a ce a daina turare ba. A dai matsar da kasko nesa da na'urar, a ɗora ta a kan tire ko wani abu mai tauri, a kuma kai ta a buɗe a share lokaci-lokaci. Tunda an ambaci tire, in shayi ya zube a kan madannai, a kashe nan take, a cire caja, a kife ta, kada a kunna don a gwada ko tana aiki. Shinkafar da ake cewa a binne na'ura a cikinta ba ta tsotse abin da ya riga ya shiga, sikarin da ya bushe a ciki kuwa ci yake yi a hankali, sai mai gyara ya wanke shi.

Sitabilaiza kuma gadon gida ne, na zamanin da wutar NEPA ke zuwa da ƙarfi ta ƙone kaya. Juya cajar laftop ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, za ka ga tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240. Ko tsohon gida ne mai soket ɗin 127, ko sabo mai 230, duk ɗaya ne a wurinta. Kuɗin sitabilaizar gara a sa su a caja ta asali, domin jabun caja mai arha ita ce ke lalata batir, ita ce kuma ke iya tada gobara.

Ga wata da ko matasa da yawa ba su sani ba. Dattijo zai ce maka shi kullum da dare yana kashe kwamfutarsa, saboda haka ba ya buƙatar ristat, wato umartar ta ta mutu ta sake tashi da kanta. A da gaskiyarsa ne. Amma tun daga Windows 8, a 2012, Microsoft ta shigo da wata dabara ta saurin tashi. Idan ka zaɓi kashewa, Windows tana rufe manhajojinka, amma zuciyar tsarin ba ta rushe ta, sai ta naɗe ta yadda take ta ajiye a faifai, da safe ta warware ta ci gaba daga inda ta tsaya. In wata tangarɗa ta maƙale a ciki, da ita za a kwana da ita za a tashi. Ristat ne yake rushe komai ya sake ginawa daga tushe. Shi ya sa za ka buɗe wurin da ke nuna tsawon lokacin da injin ya yi yana aiki, a kwamfutar da ake kashewa kowane dare, ka ga an rubuta makonni. Firinta ta ƙi, sauti ya ɗauke, intanet ya ƙi kamawa: a fara da ristat kafin a ɗauki na'ura a nufi shago. Danne maɓallin wuta har ta mutu kuwa na ranar da ta daskare ne kawai, kuma kada a taɓa yin sa lokacin da take cewa tana sabuntawa.

Wasu shawarwarin sun mutu ne kurum ba a yi musu jana'iza ba. Difrag, wato tattara gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya, yana da amfani a tsohon faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, inda allura ke yawo tana neman kowane gutsure. Tun Windows Vista ta 2007 tsarin yake yin sa da kansa, a kan faifan zamani da ake kira SSD kuwa babu allura babu juyi, ba abin da za a tattara. Hotunan da ke yawo a allo idan an bar kwamfuta an yi su ne don tsofaffin allunan nan masu ƙeya, waɗanda hoto ke iya ƙonewa a jikinsu. Filash ma tun 2018 Windows 10 ta mai da cirewa kai tsaye ya zama tsarinta na asali, sharaɗin kawai a tabbata kwafin ya gama.

Sai maganar nauyi. Hajiya za ta zauna tana goge hotunan jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ranta ba ya so, wai sun yi wa kwamfutar nauyi. A nan an haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Faifan ajiya kamar kabad ɗin tela ne, RAM kuwa teburin da yake yanka a kai. Yadi dubu a kabad ba ya hana shi aiki, abin da ke hana shi shi ne teburin ya yi ƙanƙanta ko a cika shi da tarkace. Hotuna a kabad suke. Sai faifan ya kusa cika maƙil ne suke zama matsala. Abin da ke cika teburin shi ne manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna, da shafukan intanet talatin da aka bari a buɗe, a na'urar da RAM ɗinta gigabait 4 ne kacal. Tsohuwar kwamfutar da ke ɗaukar mintoci kafin ta tashi, mafi yawan lokuta sauya mata faifai zuwa SSD da ƙara mata RAM shi ne ke dawo da ita, ba tare da an goge hoton kowa ba.

A kan wannan rashin fahimtar ne wata kasuwa guda ta ginu, kuma ita ce ɓangaren da ke ba ni haushi. Mutum yana karanta labarai sai wani akwati ja ya faɗo, da ƙararrawa, yana cewa an gano ɗaruruwan matsaloli a na'urarsa, ya danna nan a share. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin kwamfutarka, wannan zane ne kawai da aka shirya don tsoratarwa, kowa ya shiga abin da zai gani ke nan. Manhajojin da ke alƙawarin wanke RAM suna korar abin da tsarin ya ajiye kusa don ya yi sauri, sai ya koma ya sake ɗauko shi. Masu share rajistar Windows kuwa, wato kundin da take ajiye saitukanta, ita kanta Microsoft ta ce ba ta goyon bayan amfani da su. Ko sanannun cikinsu ba su tsira ba: a 2017 ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja a cikin manhajar shara ta CCleaner, mutum fiye da miliyan biyu suka sauke ta daga hanyarta ta asali suna ganin tsafta suke yi. Haka batun tara anti-bairos biyu ko uku don ƙarin tsaro. Kowanne yana son ya riga ɗayan taɓa kowane fayil, sai su yi ta karo, na'urar ta tsaya. Tun Windows 8 akwai Defender a ciki kyauta, kuma ya wadatar da mai amfanin gida. Mafi hatsari shi ne anti-bairos na gwaji da ya zo da na'urar, wa'adinsa ya ƙare shekaru da suka wuce, alamarsa na nan a ƙasan allo, mai gida yana kallonta yana jin yana da mai gadi.

Abin mamaki, wanda ya yarda da duk waɗannan shi ne kuma yake gudun abu ɗaya da ke kare shi da gaske, wato sabuntawa. Ina fahimtar dalilinsa. An taɓa sabunta masa, ya wayi gari maɓallin da ya haddace ya koma wani wuri. Ko ta tsare shi rabin sa'a yana da baƙi a ofis. Kuma gaskiya ne sabuntawa tana iya zuwa da kuskure: a watan Yulin 2024 wata sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan takwas da rabi a duniya, jirage suka kasa tashi. Wani kuma ba shi ya kashe ta ba, mai gyara ne ya sa masa Windows ta sata ya toshe hanyar don kada asiri ya tonu, ya ce masa afdet yana ɓata kwamfuta. Amma a auna da ɗaya gefen. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Ramin da ta bi ta shiga, Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe shi tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba.

Wannan ya sa kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7 ta zama abin damuwa, ko da tana aiki lafiya lau, don tun 14 ga Janairun 2020 aka daina toshe mata ramuka. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Irin wannan na'urar za ta iya ci gaba da buga takardu da kunna karatu, amma bai kamata a riƙa shiga banki ko Absher, shafin hidimomin gwamnati, da ita ba.

Duk abin da ya faru kuma, hukunci ɗaya ake yankewa a shago: fomat, wato a shafe faifai a sake sa Windows. Ta yi nauyi, fomat. Tana mutuwa da kanta, fomat. Ga mai gyara hanya ce mai sauƙi, ba sai ya binciki komai ba, farashinta sananne, kuma na'urar takan ɗan yi sauri na wasu makonni tunda an kwashe tarkacen da ke tashi da ita. Idan ƙura ce ta toshe fanka, ko faifan ne ya fara mutuwa, ciwon yana nan, zai dawo, a sake biya. Ba duka masu gyara ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da za su buɗe su duba su gaya maka gaskiya. Hanyar gane su ita ce tambaya ɗaya: mene ne ya lalace? Wanda ya kasa amsa wannan kafin ya ce fomat, a ɗauki na'ura a gaba.

Fomat ɗin ne ya haifi kuskuren da na fi jin tsoro. An koya wa mutane cewa su ajiye kayansu a ma'ajiyar da kwamfuta ke kira D, don in an yi fomat ma'ajiyar C kawai ake gogewa. Daga nan sai aka ɗauka D wurin tsira ne. A yawancin kwamfutoci C da D faifai ɗaya ne aka raba shi biyu a rubuce. Ranar da ya fara ƙaran nan na ƙas-ƙas ya tsaya, tare za su tafi. SSD ma ba ya ko yin ƙaran, shiru kawai za a ji. A watan Agustan 2012, cikin azumi, wata muguwar manhaja mai suna Shamoon ta shafe faifan kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Aramco. Idan hakan ta samu kamfani irin wannan, tsohuwar laftop da ke ƙarƙashin gado ba ta da wani alƙawari. Kuma ka duba abin da ke ciki: karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya wanda ba kowa ke da shi ba, hotunan iyaye, lissafin bashin da ke tsakanin mutum da abokan cinikinsa na Kano da Agadas, takardun yara. Abin da ba ka da shi a wuri biyu, a bakin rasa shi kake. A samu faifan waje a riƙa kwafewa a cire a adana, mafi muhimmanci kuma a ɗora a intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi takardu da hotunan da ba za a iya maye gurbinsu ba. Wannan aikin na rabin sa'a ya fi duk rifresh da difrag da wanke-wanken shekara goma amfani.

Ɓarawon yau kuma ba ya wahalar da kansa da rubuta bairos don ya shiga kwamfutar Kawu. Waya yake bugowa. Da Larabci mai kyau, cikin ladabi, ya ce daga banki ne, za a rufe katinka in ba a sabunta bayananka ba. Ko saƙo ya shigo cewa kana da kaya a gidan waya, ka biya 'yan riyal kaɗan. Ko a ce daga hukuma ne, akwai matsala a iƙamarka, ka buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ka zaɓi lambar da za a faɗa maka. Wannan ta ƙarshen ta fi kama mutanenmu, domin duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda gaba ke faɗuwa in aka ambaci takardu. Wani kuma zai ce ka sauke wata manhaja ya gyara maka daga nesa, ka sauke, ka miƙa masa allonka yana kallo kana rubuta kalmar sirri. Babu anti-bairos ɗin da zai tare wannan, tunda mai gidan ne ya buɗe da hannunsa. Bankunan ƙasar nan sun sha nanatawa cewa ba sa tambayar lambar da ke shigowa ta saƙo. A kashe wayar, a kira lambar da ke bayan kati. Saƙon damfara ana tura shi zuwa 330330, ana kuma kai ƙara ta Kulluna Amn, manhajar jami'an tsaro. A lokaci guda kuma saƙonnin da ke yawo a zaurukan WhatsApp, wai kada a buɗe bidiyo mai suna kaza zai ƙone waya, suna cinye tsoron da ya kamata a ajiye wa mai bugo wayar nan. Irinsu sun daɗe: a 2002 an yi wanda ya sa mutane suka yi ta goge wani fayil na Windows mai alamar ɗan beyar wasa, lafiyayyen fayil, da sunan bairos ne.

Mu da ake kira idan na'ura ta ƙi, muna da hannu a dawwamar duk wannan. Yaro zai zo ya karɓe maus, ya yi 'yan danne-danne cikin minti biyu, ya miƙe. In aka ce, "Ɗan nan, me ka yi mata?" sai ya ce, "Ba komai Baba, ta gyaru." An bar dattijo da tsohon iliminsa, an kuma ƙara masa jin cewa abin ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ya haddace hanyoyin fatauci tsakanin ƙasashe uku, yake lissafin canji da ka, ba zai kasa gane cewa C da D faifai ɗaya ba ne in an zauna an nuna masa. Kuma ya fi karɓa idan aka fara da gaskiyar da ke cikin maganarsa: "Kawu, abin da aka gaya muku daidai ne a wancan batirin, wannan ne aka sauya masa hali." A bar hannunsa a kan maus ɗin, shi ya danna, a rubuta masa matakan a takarda da rubutun da yake karantawa, boko ne ko ajami.

Saura tsohuwar na'urar da aka gama da ita, wadda akan kai kasuwar gwanjo a sayar ko a sa a kargo a aika wa wani ɗa a gida. An goge fayiloli, an zubar da kwandon shara, wataƙila har an yi fomat mai sauri, an ɗauka ta fita fes. A tsohon faifai mai juyawa, gogewa sunan fayil kawai take cirewa daga jeri, abin da ke ciki yana nan har sai an rubuta wani a kansa, kuma manhajojin da ke dawo da shi kyauta suke a intanet. Hoton fasfo, hoton iƙama, takardun banki, hotunan iyali na cikin gida, duk suna iya komawa hannun wanda ya saya. Sau da yawa ma ba a kai ga haka ba, burauzar tana nan da kalmomin sirri a ajiye, WhatsApp a buɗe. Kafin ta bar gida, a kwashe abin da ake so, a fita daga kowane asusu, sannan a shiga saitin Windows a zaɓi mayar da ita sabuwa tare da cire komai, a kuma kunna zaɓin share faifan gaba ɗaya. Yana iya ɗaukar sa'o'i, a jona ta a wuta a bar ta ta gama. Idan na'urar ta mutu ba ta kunnuwa, a sa mai gyara ya zaro faifan a gabanka ya ba ka, sauran a sayar. In kuma batirinta ya kumbura, a cire shi tun a nan, kada a sa shi cikin kayan da za su hau jirgi.